Siton Injiniya Dabo

Allah ya yi wa Fagam baiwar da bai yi wa kowane gari ba, ya ba ta Injiniya Dabo. Wata uku ya yi a Birnin Kudu yana riƙe wa masu aikin titi bakin igiyar awo, daga nan ilimi ya cika masa ciki har ya hana shi sunkuyawa gaida manya. A bayan idonsa Sha-Siminti ake ce masa.

Bara ya rushe rumbun ubansa. "Wannan tukunyar laka da ake ɗorawa kan duwatsu," in ji shi, "ita ta hana Afirka ci gaba." Ya gina sito na bulo, ƙofar ƙarfe, daɓe daidai da ƙasa. Ya jibge buhun dawa tara a ciki, abincin mutum goma sha ɗaya har kaka. Maƙwabciyarsa Inna Fatsuma ta ce ko zai ɗora buhunan kan katako. Ya dube ta da tausayi, ya ce, "Inna, ruwa ya san gidan da yake shiga."

Ashe kuwa ya sani. Ranar Talata da la'asar aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya, kwarin bayan gari ya tumbatsa, ruwa ya ratsa unguwa har gwiwa. Ya bi ta ƙarƙashin rumbun Inna Fatsuma ya wuce abinsa. A siton Injiniya kuwa ya shiga ta ƙasan ƙofa, ya ga babu mafita, ya yi zamansa.

Da rana ta fito, gari ya koma wurin shanya: katifu kan katanga, hatsi kan tabarmi. Matarsa Ummussalma ta gama kwashe taɓo daga ɗaki, ta ce, "Malam, ba ni mukulli mu baza dawar nan tun rana na da ƙarfi."

Shanya? A ƙofar gidansa, inda duk wanda ya yi wa wa'azin siminti zai tsaya ya kalla? Shi ma ya ga damshin da ke bin gindin bangon. Amma ya tura mukulli can ƙasan aljihu. "Ke ba ki yi kimiyya ba. Siminti ba ya shan ruwa." Gaskiya ya faɗa. Simintin bai sha ba, dawar ce ta sha.

Ya sa takalmin roba ya shiga gari jaje. Duk gidan da ya shiga sai ya kama ƙugu: "Da kun ji maganata!" Da masu duba ɓarna suka zo daga Gwaram, shi ya yi musu jagora. Suna isowa ƙofarsa ya tare su da hannu biyu. "Nan ku wuce. Wannan gidan misali ne."

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Kwana uku, tsami ya fara tashi, ya ce daga kwata ne. Kwana biyar, awakin unguwa suka yi sahu a bakin sito suna shinshina. A ranar ce garin tuwo ya ƙare a gidan. Ummussalma ta dubi yaranta, ta ɗauki taɓarya, ta doki kwaɗon siton sau uku, ya ɓalle.

Buhuna sun kumbura sun yage. Na sama sun yi tsiro fari fat, na ƙasa fumfuna ta cinye su baƙi ƙirin. Ko mudu ɗaya ba za a tsinta ba. Ta zauna a bakin ƙofar tana hawaye, maƙwabta suka taru. Injiniya ya yi gyaran murya.

"Jama'a, gwajin iri nake yi. Kun ga duk ya fito."

Ko awakin ba su tsaya jin sauran bayani ba.

Da yamma Inna Fatsuma ta hau rumbunta, ta cika ƙwarya da dawa busasshiya, ta miƙo ta kan katanga. "Ummu, ungo, a tuƙa wa jikokina."

Bayan magariba Injiniya ya wanke hannu, ya zauna ya cinye malmala biyu daga tukunyar da ta hana Afirka ci gaba, har ya leƙa kwano yana tambaya ko da saura.