Yadda Za Ka Bankaɗo Son Kai a Littafin Tarihin da Ba Ka Karanta Ba

Bi matakan nan biyar, na yi maka alkawari kafin mako ya zagayo za a fara kiranka masanin tarihi, idonka kuwa ko ja ba zai yi ba. Shaidata ɗalibina ne, Injiniya mai gyaran waya. Yana neman auren wata nas, mahaifinta kuwa tsohon hedimasta ne wanda ya rantse ba zai ba da 'yarsa ga ragon karatu ba. Dattijon ya ara masa tarihin wani yaƙi, shafi ɗari shida, ya ce, "Karanta, ɗana, ka zo mu ji ra'ayinka."

1. Fara daga baya

A ƙarshen littafin akwai jerin sunaye da shafukan da aka ambace su. Nan ne gonarka. Injiniya ya ga shugaban wannan ɓangare ya samu shafi arba'in, na wancan sha biyu kacal. Magana ta ƙare, marubuci ya yi son kai. Ko yabo ne a shafi arba'in ɗin ko zagi, wannan ba huruminka ba ne.

2. Tuhumi hoton marubuci

Duba bangon baya. In yana murmushi, bai ɗauki jinin da aka zubar da muhimmanci ba. In ya haɗe rai, akwai wanda yake ƙi. Kada ka bar masa hanyar tsira.

3. Tsufar da littafin

Sabon littafi ɗan tonon asiri ne. Lanƙwasa kusurwar wasu shafuka, ka ɗora kofin shayi a bango har ya bar zobe. Injiniya mako uku yana danne wayoyin da ya shafa wa gam da nasa littafin. Da ka gan shi sai ka ji tausayin mai karatun.

4. Aro bakin jama'a

Leƙa ra'ayoyin masu karatu a intanet. Rabi sun ce an fifita waɗannan, rabi sun ce a'a, waɗancan aka fifita. Kwashe duka biyun. Mai zargin gefe ɗaya ɗan adawa ne, mai zargin kowa shi ake kira adali.

5. Yi magana a hankali, kana kallon silin

Ran da Injiniya ya mayar da littafin, ya zauna a ƙasa gefen kujerar dattijon, ya ce, "Baba, mutumin ya yi ƙoƙari, sai dai alƙalaminsa ya karkata."

"Ya karkata ina?"

"Ko'ina, Baba."

Dattijon ya gyara tabarau. "Shafi na ɗari uku fa, me ka gani?"

"Ai nan ne ma abin ya fi muni. Sai da na rufe littafin na sha ruwa."

Dattijon ya buɗe shafin, ya zaro wata 'yar takarda, ya miƙa masa. Da rubutunsa na hedimasta an rubuta: "In ka iso nan, ka turo manyanka ranar Asabar, na ba ka."

"Asabar biyu ke nan ina sa a share falo," in ji shi. "Ita kuma tana ta leƙen taga."

Kunya ta kama Injiniya har ya rasa inda zai sa idonsa, ni kaina da ya ba ni labari sai da na ji babu daɗi. Dattijon ya tashi ya ɗauko juzu'i na biyu, shafi ɗari takwas, ya ɗora masa a cinya.

"Kada ka wahalar da kanka da girgiza shi. Wannan karon da fensir na rubuta, a tsakanin layuka."

Gargaɗi

Alkawarin suna na yi maka, ban yi na mata ba. Duk wanda ya bi matakan nan ya rasa aure, kujera ko mutunci, ya kuka da kansa, babu ruwana. Injiniya dai yana shafi na casa'in, kuma ya daina amsa sallamata.