Ranar Da Na Kai Baƙi Ta'aziyyar Mai Rai

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kwashe mini sauran tunanina, da ranar da na raka manyan baƙi daga Nijar zuwa Yashe, ina tafe ina hura hanci, ban san ta'aziyya muke zuwa ba. Abin da ya fi muni, ni ne na kashe mamacin. Da biro.

Bari in fara daga tushe. Ina aiki a wani ƙaramin ofishi da ke kula da takardun 'yan fansho a yankinmu na Kankia da Kusada (ba zan faɗi sunan ofishin ba, abokan aikina ba su yi mini laifin komai ba). Aikina tantancewa: tsoho ya zo, in dube shi, in dubi hotonsa, in tabbatar shi ne kuma yana numfashi, in buga hatimi. Aiki ne da ko makaho zai iya in aka ba shi ɗan jagora, amma ni na ɗauke shi kamar ni ke riƙe da ƙasar.

Ana nan sai manya suka ƙulla yarjejeniya da hukumar fanshon ma'aikatan gwamnati ta Nijar. Dalilin mai sauƙi ne. Akwai mutanenmu da suka yi aiki can suka dawo gida da tsufa, akwai nasu da suke zaune nan wurin 'ya'yansu. Maimakon tsoho ya riƙa hawa mota yana tsallaka iyaka don kawai ya nuna yana da rai, sai kowane ɓangare ya tantance na kusa da shi, ya aika wa ɗaya takarda. Abu mai kyau. Matsalar ɗaya ce: takardunsu da Faransanci suke zuwa.

Ranar da fom na farko ya iso, shugabanmu Alhaji Kabir ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa, ya ce, "Wai a cikinku akwai mai jin yaren nan?"

Ba wanda ya ɗaga hannu. Ni kuwa na ji raɗe-raɗin cewa duk wanda aka ɗora a kan aikin, shi za a tura taron ƙara wa juna sani a Yamai, da otal da komai. Sai na ji bakina ya ce, "Yallaɓai, ai ni na yi Faransanci."

Ban yi ƙarya gaba ɗaya ba. Na yi shi zango biyu a ƙaramar sakandare, kafin malamin ya samu aiki a banki ya bar mu. Na kuma taɓa zuwa Maraɗi rakiyar sayen kayan lefe, inda na yi kwana biyu ina ciniki da Hausa tsantsa. Jarina ke nan: bonjur, marsi, wi, da ƙirga ɗaya zuwa bakwai (takwas ta ɓace mini tun tuni).

Fom ɗin na wani dattijo ne, Malam Isiyaku, mutumin Yashe, wanda ya yi shekaru yana koyarwa a makarantun gwamnati a Nijar kafin ya yi ritaya ya dawo gonar gado. Na hau babur na je. Na same shi a ƙofar gida, dogo, siriri, da tabarau ɗaure da zare, yana ɓarar gyaɗa. Ya sa aka kawo mini fura, muka yi hira. Har ya miƙo hannu ya ce, "Ɗana, kawo in taya ka cikawa, na saba da irinta."

Wallahi da na miƙa masa, da ba ku ji wannan labarin ba. Amma ina! Na rungume jakata na ce, "Baba, ai doka ba ta yarda ba. Aikin jami'i ne." Ya ce to, Allah ya taimaki jami'i.

Da na koma ofis na zauna da fom. Suna na gane, ranar haihuwa na gane. A ƙasa sai ga akwatuna biyu, ana so a zaɓi ɗaya. Ta farko an rubuta wata kalma da ban taɓa gani ba. Ta biyu an rubuta décédé. Na dube ta da kyau, na ga ai 'yar'uwar kalmar Ingilishin nan ce mai nufin an yanke shawara, ƙawa kawai aka yi mata da 'yan ƙahoni a ka. Na ce to mene ne kuma? Na je, na gani, na yanke shawara. Na danƙara mata alama, na sa hannu, na buga hatimi har sau biyu don kada a ce bai fito ba. (Wayata tana aljihuna, da data a ciki. Minti ɗaya ya isa in duba. Amma gwani ba ya duba ƙamus a gaban masinja.)

Bayan wata biyu Malam Isiyaku ya zo har Kankia a bayan ɗan acaba. Ya ce kuɗinsa bai shigo ba, ga damina ta kama, taki yana jiransa, ga maganin hawan jinin mai ɗakinsa. Na gyara zama na ce, "Baba, ka kwantar da hankalinka. Maganarka an gama ta. Ni da hannuna na gama da kai." Allah ya sani, ban taɓa faɗin gaskiya irin ta ranar ba.

Bayan wata guda sai ga sanarwa: jami'ai biyu daga can za su zo ganin yadda haɗin gwiwar ke tafiya, kuma sun roƙi a kai su gidan Malam Isiyaku musamman. Na ce shi ke nan, aikina ya burge ƙasar waje. Na kai shaddata wurin mai guga, na kwana uku ina haddace jawabin maraba daga waya.

Ranar da suka iso, an kira Alhaji Kabir taro a Katsina, don haka a bakin ƙofa ya damƙa mini su ya wuce. Namijin sunansa Malam Mahamadu, mai furfura kaɗan, da 'yar jaka a hammata. Macen Hajiya Rakiya, mai fara'a amma ranar fuskarta a ɗaure. Malam Mahamadu ya buɗe baki ya ce, "Salamu alaikum, mun same ku lahiya?" Ni kuwa na ɗauka irin gaisuwar da baƙo ke koyowa a hanya ce. (Ku duba fa, ni Bakatsine, da na san rabin Nijar Hausa suke yi. Amma na riga na yi hadda, ba zan bari ta tafi a banza ba.) Na ɗaga hannu na dakatar da shi, na saki jawabina tun daga bonjur har ƙarshe. Suka dubi juna. Da yake mutanen kirki ne, suka ga mai masaukinsu Faransanci yake so, sai suka bi ni da shi.

Daga nan na shiga uku. A mota Malam Mahamadu ya yi ta magana a hankali, yana ambaton Isiyaku, Isiyaku. Duk inda ya ja numfashi sai in ce, "Wi, wi." Wani wurin har da murmushi. Da ya yi wata doguwar tambaya ya tsaya yana jirana, sai na nuna ƙirjina da yatsa, ma'ana ni ne na yi aikin. Ya kama hannuna ya girgiza, idonsa ya kawo ruwa. Daga baya na ji tambayar ita ce ko na samu halartar jana'iza.

A Kusada suka sa direba ya tsaya, suka sayi goro da sukari da ɗan buhun shinkafa. Na ce a raina, kai, mutanen nan sun san tsaraba.

Muka isa Yashe da hantsi. Malam Isiyaku ba ya ƙofar gida, kekensa ma ba ya nan. Ni da Malam Mahamadu muka zauna a zaure, Hajiya Rakiya ta ja mayafi ta yi sallama ta shiga wurin matar gidan, Baba Hajara. Ina zaune ina shirya yadda zan karɓi yabo, sai na jiyo muryar Hajiya Rakiya daga tsakar gida, da Hausa garau wadda ta fi tawa daɗi:

"Inna, ya haƙuri? Allah shi jiƙan Malam, shi sa ya huta."

 Sai ƙarar kwano ya faɗi. Sai salati.

Baba Hajara dai ta san mijinta ya tafi gona tun da safe da ƙafafunsa. Yanzu ga baƙi da mota mai lambar gwamnati sun zo suna yi mata gaisuwa. Me za ta ɗauka? Ta fito tsakar gida tana cewa, "A gonar? A gonar ya faɗi? Na ce mashi kada ya tafi bai sha magani ba!" Kafin ka ce kwabo maƙwabta sun cika gidan, mata na kuka, maza na tambayar ina gawar take, wani har ya tafi kiran liman. Malam Mahamadu ya juyo gare ni, ya ajiye Faransanci gefe, ya ce, "Malam, mi ke faruwa? Ba su san ya rasu ba? Wata ukku?"

Na ce, "Wa ya rasu?"

Ya buɗe jakarsa ya zaro fom. Ga sa hannuna, ga hatimina guda biyu. Ya ɗora yatsa a kan kalmar nan mai ƙahoni ya ce, "Ba kai ka rubuto muna ba? Ai ma'anarta ke nan, ya rasu."

A daidai lokacin aka ji ƙararrawar keke. Malam Isiyaku ne, da fartanya a kafaɗa, da ɗan ciyawar awaki ɗaure a baya. Ya sauka, ya dubi taron da ke ƙofar gidansa, ya cire hula ya ce, "Innalillahi. Wa muka rasa?"

Wani tsoho a gefe ya ce, "Kai."

Malam Mahamadu ya miƙe, jakar ta zube. Ashe ɗalibin Malam Isiyaku ne, tsohon ne ya koya masa karatu tun yana ɗan aji ɗaya a wani ƙauye can wajen Tasawa, shi ya sa da ya ga sunan a jerin mamata ya roƙi a sa shi cikin tafiyar. Ya durƙusa ya kama gwiwoyin tsohon yana kuka yana cewa, "Mushe! Mushe, kai ne?" (Haka suke kiran malamin makaranta a can, girmamawa ce. Amma ku yi tunanin yadda kalmar ta faɗa kunnen mutanen Yashe a irin wannan rana.)

Da ƙura ta lafa, aka ba Baba Hajara ruwa, aka sallami liman, Malam Isiyaku ya zauna ya gyara tabarau ya karɓi fom. Ya karanta a nitse. Ya ɗago ya dube ni ta saman gilashi, kallon da na tabbata yara da yawa sun yi fitsari a wando saboda shi. Ni kuwa ina tsugune, shaddata ta jiƙe sharkaf, ina roƙon ƙasa ta tsage.

Ya ce, "Ɗana, ranar da ka zo, ba ka same ni zaune ba?"

"Na same ka, Baba."

"Ba mu yi hira ba?"

"Mun yi."

"To a ina ka ga alamar?"

Na yi bayanin kalmar Ingilishi da 'yar'uwarta, muryata kamar ta sauro. Malam Mahamadu, da hawaye bai bushe masa ba, ya fara tari don ya ɓoye dariya. Hajiya Rakiya ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa. Malam Isiyaku kuwa bai yi dariya ba. Ya ce, "Shekaru talatin ana ce mani mushe a can, ban taɓa jin ciwo ba. Sai da na dawo gida ɗan ƙasata ya tabbatar da ita a rubuce."

Nan zauren ya fashe. Baba Hajara kaɗai ba ta ga abin dariya ba. Ta leƙo ta ce, "Wannan shi ne yaron da na dama ma fura?" Aka ce shi ne. Ta ce, "Allah ya isa furata."

A wurin aka gyara. Malam da kansa ya rubuta takardar dawo da kansa duniya, da rubutu mai kyau kamar na injin, baƙin suka sa hannu a matsayin shaidu, ni kuma aka nuna mini inda zan sa nawa da yatsa, kamar ɗan aji ɗaya. Shinkafar ta'aziyya aka dafa mana, mamacin ya fi kowa ci. Kuɗinsa ya dawo bayan 'yan makonni har da na baya, sai dai takin ya makara, kuma wannan nauyin a wuyana yake, na sani. Asabar biyu na je na taya shi noma, ya ba ni layin da ya fi tsawo.

Alhaji Kabir bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "To, alhamdu lillahi da fom ɗaya suka aiko." A rahoton baƙin kuwa, cikin ladabi, suka ba da shawarar a riƙa buga takardun da Hausa a gefe. Aka amince. Don haka in kun ji ana yabon wannan gyara a tsakanin ƙasashen biyu, ku sani da gudummawata a ciki, ko da yake ba a ambaci sunana ba, kuma ban nemi a ambata ba.

Labari ya riga ni isa Kankia. Har yau in ana tantancewa, tsofaffi na layi a teburin abokin aikina, nawa fayau. In na ce, "Baba, zo nan ba kowa," sai a ce, "A'a ɗana, bari in jira. Ina da sauran shuka a gona."

Abin da na koya shi ne, "ban sani ba" kalma uku ce, kunyarta ta minti ɗaya ce, kuma ba a taɓa jin ta kashe kowa ba. "Na iya" kuwa biyu ce kacal, amma ni shaida ne, tana kisa.