Riga Mai Lamba Tara

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da na riƙe makirfo a filin firamaren unguwarmu a Daura ba, kuma ko da na so in manta, mutanen unguwar ba za su bari ba.

Shekarun farkon Shari'a ne, an rage kiɗe-kiɗe da wasannin dandali, sai ƙwallo ta zama abin da ke tara jama'a tsakanin la'asar da magariba. Akan ɗaura lasifika a reshen darbejiya a jona ta da batirin mota. Mata ba sa zuwa fili, amma muryar na shiga har tsakar gidaje, saboda haka a wurin iyayenmu mata duk abin da mai sharhi ya faɗa shi ne ya faru.

A shekarar sai kwamitin gasa ya ce wani ma'aikacin gidan rediyo zai zo daga Katsina ya naɗi sharhin wasan ƙarshe a kaset, a sa wa duniya ta ji. Dole ke nan a zaɓi gwani. Mu biyu muka fito nema: ni da Ɗan'azumi. Aka ce za a gwada mu a wasan kusa da na ƙarshe, tsakanin unguwarmu da 'yan Zango. Shi ya ɗauki rabin farko, ni na biyu, dattawan kwamiti su yanke hukunci.

Gaskiya na raina Ɗan'azumi. Mai shelar kasuwa ne, aikinsa cigiyar akuya da sanar da ɗaurin aure, ko satar gida bai san mene ne ba a ƙwallo. Ni kuwa malamin makaranta ne, da rediyo a kunne na girma. Sati guda na yi ina atisaye a aji bayan an tashi yara, ina riƙe da abin goge allo a matsayin makirfo (mai gadi ya taɓa leƙowa ya tambaye ni ko lafiya). Na bi masu horar da ƙungiyoyin biyu na rubuto sunan kowane ɗan wasa da lambar rigarsa a takarda. Ranar wasa na sa sabuwar hula, sannan na cire tabarau ɗina na sa a aljihu, wai don kada a ce mai sharhi ba ya gani. Ba tare da tabarau ba fuskar mutum daga nesa hazo-hazo nake ganinta, amma na ce ai lamba manya ake rubutawa a bayan riga.

Ɗan'azumi ya fara. Babu takarda a hannunsa, babu komai.

"Ga ɗan gidan Malam Idi mai faci ya ɗauko ta. Kai yaro, ba ɗan'uwanka mana, ba kai kaɗai aka saya wa ba!"

Jama'a na ta dariya, ni kuwa ina taɓe baki ina cewa a raina wannan ai ba sharhi ba ne, hirar bakin kasuwa ce. Aka tafi hutun rabin lokaci ba wanda ya ci. Sai na zagaya wajen mai shayi na sha mai citta don muryata ta washe.

To ga abin da kowa ya sani a unguwarmu, har da ni kafin takarda ta rufe min ido: riguna goma sha ɗaya cif ƙungiyarmu ta mallaka. Idan aka yi canji, mai fita sai ya tuɓe tasa ya miƙa wa mai shiga, da guminta da komai. Ina can ina hura shayi aka yi canji ban sani ba.

Na karɓi makirfo na shiga aiki, kuma ba yabon kai ba, na burge. Ina kallon lamba, ina kallon takarda, ina zuba sunaye kamar mai kiran rajista. Na hango shugaban kwamiti, Alhaji Mamman, yana gyaɗa kai, sai na ji har na fara jin muryata a rediyo. Saura kaɗan a tashi, mai lamba tara ya karɓi ƙwallo a tsakiyar fili, ya yanke mutum biyu, ya ɗaɗa ta a raga. Na duba takarda: tara, Lawal.

Na miƙe tsaye na ja numfashi na saki murya. "Lawal! Lawal ɗan gidan Alhaji Sani mai hatsi! Lawal ya raba gardama!" Ban tsaya nan ba. Na yabi ƙafarsa ta hagu, na yabi tarbiyyar gidansu, na ce tun yana aji uku na ga alamar haka a tare da shi. Daga bayan katanga na ji mahaifiyar Lawal ta rangaɗa guɗa. Jama'a suka kwashe da wata irin dariya, ni kuwa na ɗauka murna ce, na ƙara ƙaimi.

Sai na ji ana jan hannun rigata. Na waiwaya. Lawal ne zaune a bencin da ke gefena, daga shi sai singileti, ƙafarsa ɗaure da tsumma, yana shan rake.

"Malam, ga ni nan fa. Tun hutu na fito."

Makirfo na kusa da bakinsa, don haka har gidajen bayan masallaci an ji. Guɗar nan ta tsaya cak a tsakiya. Maimakon in yi shiru in nemi bayani a hankali, sai na tambaya, a cikin makirfon dai, "To wa ya ci?"

Filin gaba ɗaya ya amsa min: "Ƙaninka!"

Na lalubo tabarau na sa. Nura ne, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda muke cin tuwo a kwano ɗaya kullum. Shekara biyu yana ɗumama benci, ranar ce aka fara sa shi a babban wasa, kuma ƙwallonsa ta farko ke nan. Yana tsaye a tsakiyar fili ya riƙe ƙugu yana kallona. Kunya ta kama ni har na ji hular nan ta yi min nauyi. Sauran mintunan ban san me na faɗa ba, an dai ce da ƙyar ake jin muryata.

Bayan an tashi Alhaji Mamman ya kira mu gefe. Mutumin kirki ne, ya fara da cewa muryata ta fi daɗi, ilimin ƙwallo ma na fi. Sannan ya ce, "Sai dai Malam, mu wanda ya san 'ya'yan mutane muke nema." Aka ba Ɗan'azumi.

A gida na tarar da Inna tana tankaɗe. Ba ta ɗago ba ta ce, "Yaron da ka goya a bayanka, sai da gari ya taru ya gabatar maka da shi?" Nura kuwa kwana uku yana gaishe ni yana faɗin sunansa, wai don kada in ruɗe.

An sa wasan ƙarshe a rediyo, muka zauna a zaure muka saurara har da ni. Na yi dariya fiye da kowa, domin Ɗan'azumi ya iya abinsa. Sai da Nura ya taɓa ƙwallo na ji ya ce, "Ga Nura nan, ƙanin Malam. Malam, in kana ji, shi ne mai lamba tara yau ma." Haka dai sunana ya shiga rediyo.

Tun daga ranar ban sake cire tabarau don a ce na yi kyau ba. Ko rajista nake kira a aji, sai na ɗaga kai na ga fuskar mai amsawa kafin in yi maki.