Rasuwar Baba Stana, Tukunyar Dafa Barasa

Da zuciya cike fal da baƙin ciki, Doncho Kalev na ƙauyen Gorna Lipa, a madadin kansa da matarsa Tsonka, wadda ta ce a rubuta cewa ita ba ta cikin baƙin cikin, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Baba Stana, tukunyar tagullar da ta shekara sittin da ɗaya tana dafa barasar inabi a rumfar bayan gidansu.

Marigayiya ta shigo gidan a kan keken jaki, a zamanin mahaifin Doncho. Mace ce mai haƙuri, ba ta taɓa neman komai ba sai itace da ruwan sanyi. Duk kaka, in an gama tsinkar inabi, takan fara da ɓul-ɓul-ɓul daga can cikin ciki, ta ƙare da ɗis… ɗis… ɗis, muryar da Doncho ya rantse ta fi ƙararrawar coci daɗi. Ba a yi aure ko suna a ƙauyen nan ba sai da hannunta a ciki. Ta sasanta maƙwabta da dama, ko da yake akasarinsu ita ta haɗa su faɗan tun farko.

Ta rasu ne sakamakon ciwon hanta. Hantar ba tata ba ce, ta Doncho ce.

A watan Afrilu Likita Veleva ta ɗaga hoton cikinsa a gaban fitila, ta daɗe tana kallo. "Baba Doncho, hantar nan ta riga ka yin ritaya," in ji ta. "Ƙaramin kofi ɗaya, ranar Lahadi. In ka ƙara, 'yarka za ta haihu ba ka nan."

"Likita, kofi iri-iri ne fa."

"Tsonka ce za ta zaɓa."

Tsonka ta zaɓo wanda ko babban yatsa ba ya shiga. Doncho ya jure wata biyar, ya koyi shan kindirmo da safe kamar mara lafiya, yana bi ta gefen rumfa yana kau da kai. Amma da inabi ya nuna, ƙafarsa ta kai shi. Ya hura wuta. Marigayiya ta yi gyaran murya, ta fara ɓul-ɓul, shi kuwa yana tsaye yana lissafin kwalabe ɗari biyu da kwanakin sanyi masu zuwa, kuma ya san kansa sarai. Ya tuna 'yarsa Nevena da cikinta wata bakwai. Sai ya janye itacen, ya jira ta huce, ya shafa gefenta, ya ɗauko ƙusa da guduma. Bugu uku. Kalmarta ta ƙarshe ita ce fsss.

Da Tsonka ta leƙo, ya ce mata tsufa ne.

"Tsufa da guduma a hannu?" ta tambaya. Sai dai ran nan ta yi masa gasasshen tattasai da cuku, abin da rabonsa da shi tun Ista. Iyalai na roƙon kada a tsananta bincike.

Marigayiya ta bar ganguna uku da babu komai a cikinsu, da mazurari ɗaya, da kwalabe tara marayu da ke kulle a kabad ɗin Tsonka, da gonar inabin da yanzu ba ta san me za ta zama ba. Ta kuma bar Marin, maƙwabci, wanda ya shekara talatin yana zuwa gaishe ta kullum safiya, ya kuma ce shi bai yafe ba.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma na safe a ƙofar gida, inda za a cika gawar da ƙasa, Tsonka ta shuka furanni a ciki. Fada, limamin coci, ya ƙi zuwa, amma ya aiko da gaisuwa. Za a raba gahawa da burodi. Masu zuwa da manyan riguna su sani za a laluba aljihu a bakin ƙofa, musamman Marin. Duk wanda ya ga Doncho yana hawaye, don Allah kada ya miƙa masa komai sai hankici.