Masa Tana But

A rukunin gidajenmu na Salford ba a ajiye mota, shi ya sa na sayar da tawa. Ranar da za mu suna Birmingham, ni na ja maƙwabta. Watana shida a ajin koyon karatu, na karanta allon tasha da kaina, ban tambayi kowa ba, jirgin ƙasa ya sauke mu daidai. Har tafi aka yi mini.

Muna shiga mai jego ta ce, "Baban Amina, ina masar baƙi?"

Na laluba aljihu ina neman makullin mota, na ce, "Tana but."

Matata ta ce, "But ɗin wa?"

Ashe kular da muka zuba masar tana ƙofar gidanmu, tana jiran in kawo mota.

Har yau in mun hau jirgi sai maƙwabta su ce, "Direba, buɗe mana but."