An Yanka Dattijuwa da Ranta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fushin da ba zan ɓoye wa kowa ba, nake sanar da rasuwar Dattijuwa, farar motar marigayi maigidana, bayan shekara ashirin da shida a gidanmu. Ban yi boko ba. Maƙwabciyata ce ta riƙe biro, amma maganar tawa ce.

Marigayiyar mai haƙuri ce. Ita ta kai ni asibiti haihuwa uku, ita ta ɗauko gawar mai ita. Abu ɗaya take nema: a taka totur sau uku, a dakata kamar mai jiran amsar sallama, sannan a murɗa makulli. Sai ta yi tari, uhum-uhum, ta tashi. Haka nake ɗumama ta kowace safiya tun da na yi takaba.

Ba jinya ta yi ba. Ranar da na je duba ƙanwata, babban ɗana ya kawo dillali da wata sabuwar mota, suka jera su a tsakar gida suna gwadawa. Sabuwar, ana taɓa ta ta tashi. Dattijuwa kuwa suka yi ta murɗa mata makulli ba wanda ya taka totur, ta yi shiru. Dillali ya ce ta mutu, ɗan da ta kai makaranta ya yarda. Kafin in dawo an miƙa ta ga masu yanka mota.

Ta rasu ta bar ni, da makulli ɗaya, da tabon baƙin mai a ƙasa wanda ya ƙi wankuwa. Sabuwar ba ta cikin magada. Shigowa take ba motsi kamar ɓarawo.

Amma wani ya sayi odarta, wato hon ɗinta. Kullum da yamma, daidai lokacin da maigida ya saba dawowa, sai in ji ta a bakin titi da dusasshiyar muryarta, fim-fim-fiiim. Kwana tara ke nan ina jan ƙafa ina buɗe ƙofa, ba kowa.

Ba na son sabuwa, ba na son ban haƙuri. A dawo mini da odar.

Za a yi zaman makoki ranar Alhamis a ƙofar dillalin, tun daga buɗe shago, kuma da tabarmata zan je. Jana'iza sai ranar da odar ta dawo. Zan binne ta da makullin a inda tabon man yake, ko na daina tashi buɗe wa mamaci ƙofa.