Ƙosan Hajiya da Jinin 'Yan Ƙwallo

Har gobe ba zan taɓa mantawa da safiyar da na tara 'yan ƙwallon unguwarmu a zauren gidanmu na Ƙofar Doka ba. Lokacin ina digiri na biyu, ina binciken yadda abinci da atisaye mai tsanani ke shafar garkuwar jikin 'yan wasa. Sharaɗin aikin shi ne a ɗebi jininsu da safe, ciki ba komai. Ga sinadaran gwajin sun kusa lalacewa, kuma an riga an gaya min idan wannan zangon ya wuce ni, sai na maimaita shekara.

Na yi wa 'yan wasan lacca har da Turanci. Na ja kunnen kocinsu. Hajiyarmu ce kawai ban gaya wa ba (a ganina, me ya haɗa tsohuwa da kimiyya?).

Da suka hallara sai na bar su, na tafi bakin titi taryen Dakta, malamar da ke duba aikina, wadda duk sashenmu ba wanda ya taɓa ganin dariyarta. Da muka dawo muka iske su jere a kan tabarma, tsit, kowa fuskarsa na sheƙi. Na ɗauka lafiya ce ta yi musu yawa.

"Ba wanda ya ci komai, ko?" in ji Dakta.

"Ko ruwa, Dakta," na yi caraf na amsa. "Ai yarana ne, ni na horar da su."

Kyaftin ɗinsu ya sunkuyar da kai. Na ce a raina, ka ga tarbiyya.

Na ɗebi jinin kowa, na jera kwalaben a kula mai ƙanƙara, har na fara tunanin ɗinkin da zan sa ranar yaye mu. Sai Dakta ta ce ba za ta zo har ƙofa ta koma ba ta gaida mutanen gida ba. Na rungumi kulata na shige gaba.

Hajiya na tsakar gida tana kankare kaskon tuya. Ana gama gaisawa ta ce, "Ke ce malamar tasa? To don Allah ki yi masa faɗa. 'Ya'yan mutane a zaurena tun sassafe, wai za a zuƙe musu jini, ko koko bai ba su ba! A gidan nan? Na rantse ba mai miƙa hannu sai ya ƙoshi. Dogon nan ma sai da ya yi ƙari."

"Hajiya, ba su gaya miki an hana su ba?" na tambaya, da muryar da ban san ina da ita ba.

"Sun faɗa mana. Na ce ni na haifi mai hanawar."

Dakta ta dube ni, ta dubi kular. Hajiya ta tura mata kwano da sauran ƙosai, Dakta ta zauna ta ci a natse, ni ko ina tsaye, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Sai da ta wanke hannu sannan ta ce, "Hajiya, ƙosai ya yi, Allah ya ƙara buɗi. Kai kuma sai baɗi."

Na maimaita shekarar, kuma ta yi min ciwo ƙwarai. Hajiya dai har yau gani take ta ceci rayuka.

Yanzu ni ma ina koyarwa, kuma kafin in nuna wa ɗalibi yadda ake riƙe sirinji, sai na gaya masa: in kana so mutum ya zauna da yunwa saboda ilimi, kai shi duk inda ka ga dama, ban da inda mahaifiyarka za ta ji sallamarsa.